Ba kowace kwanciyar mage ce ta ɗaukar rai ba

Bahaushe yana yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai. Duk wanda ya taɓa ganin ta laɓe a bayan buhun masara, ta yi luf kamar ba ta numfashi, har ɓera ya gifto ta yi wuf ta cafke shi, ya san inda kirarin ya samo asali. Sai dai akwai wata kwanciyar mai kama da wannan sak, wadda ba ran ɓera ake shirin ɗauka ba, ran magen ne ke shirin fita. A yawancin gidajenmu ba a bambance biyun. Sai dai a ji wani ya ce yau kwana biyu ba a ga mage ba, daga baya wari ya tona inda take, a ƙarƙashin gado ko a bayan tulin itace.

Ba sakaci ne kaɗai ke jawo haka ba, halin dabbar ne. Magen gida jikanyar magen daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙaramar dabba mai farauta wadda ita ma ake farautarta. A daji, wanda ya nuna rauni ya zama kalacin wani. Shi ya sa akuya in ba ta da lafiya kowa zai gani, kare kuwa ya cika gida da kuka, amma mage sai ta nemi lungu ta yi shiru. Kafin ciwonta ya fito fili, sau da yawa ya riga ya ci ƙarfinta.

To wa zai lura? Baba yana kasuwa ko wurin aiki, Umma hidimar gida ta sha mata kai. Ku ne, ƙannena, kuke zuba mata abinci, ku take bi tana goga jiki a ƙafa idan kun dawo daga makaranta. Idan wani abu ya canza a jikinta, idonku ne zai fara gani.

Abin da ido ke iya gani

Babbar alama ita ce abinci. Magen da ta yini ta kwana ba ta taɓa komai ba, ba yanga take yi ba. Idan aka kai kwana biyu zuwa uku a haka, musamman ga mai ƙiba, kitsen jikinta kan taru a hanta ya hana ta aiki, ciwo ya haifi wani ciwon. Jaririyar mage kuwa ko yini ɗaya ya yi mata yawa.

Sai gashi. Mage mai lafiya ba ta gajiya da lasar jikinta. Da zarar kun ga gashin ya yi buzu-buzu, ya daina sheƙi, to ta daina wankanta, kuma ba ta dainawa a banza. Ku ɗaga leɓenta a hankali ku dubi dasashi. Ya kamata ya zama ruwan hoda. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. In ya yi ɗorawa, akwai matsala a hanta ko a jini. Ku ɗan ja fatar da ke tsakanin kafaɗunta ku saki: ta mai lafiya nan take take komawa, ta wadda ruwan jikinta ya ƙare sai ta tsaya a tattare. Ɗumin jiki kuwa kada ya ruɗe ku, domin zafin jikin mage tsakanin digiri 38 da 39 yake, ya ɗara namu.

Abubuwa biyu suna yaudarar mutane. Na farko, ɗan gurnanin nan da take yi a maƙogwaro idan ana shafa ta. Muna ɗauka alamar jin daɗi ce kawai, alhali tana yin sa har lokacin da take cikin azaba. Na biyu, haki. Kare ya buɗe baki ya zaro harshe a cikin rana ba komai ba ne. Mage tana zaune ta buɗe baki tana haki, wannan maganar asibiti ce a ranar.

Ƙwaya ɗaya ta isa

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan sha'ani shi ne, maguna da yawa ba cuta ce ke kashe su ba, tausayi ne. An ga mage ta yi laushi, sai wani mai kyakkyawar niyya ya ɓallo Panadol ya daka ya zuba mata a madara. Ai ɗan rabi ne kawai, in ji shi.

Waɗanda suka kai aji huɗu a cikinku sun ji labarin enzayim a darasin Bayoloji. Idan mutum ya sha farasitamol, hantarsa tana amfani da wani enzayim ta sarrafa maganin, ya fita ta fitsari. Hantar mage ba ta da wannan enzayim yadda zai wadatar. Sai maganin ya bi wata hanyar, ya rikiɗe ya zama guba mai lalata himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta zai koma ruwan ƙasa kamar cakulan, fuska da tafin ƙafa su kumbura, ta riƙa haki. Iska tana shiga huhu, amma jinin ba ya iya ɗaukar ta. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana kashe babbar mage, kuma ɓarinta ma ba shi da tabbas. Na ruwa da ake ba jarirai shi ma duk kanwar ja ce. Akwai makari a wurin likitan dabbobi, amma sai an kai ta da wuri yake aiki. Su ibufurofen da dikilofenak da ake sha don ciwon jiki kuwa, ƙoda da tumbi suke lalata mata. Dokar mai sauƙi ce: abin da aka saya a kemis domin mutum, ba ya shiga bakin mage sai likitan dabbobi ya ce.

Haka abin yake ga abin da ake shafa mata. Duk abin da ya taɓa gashin mage, cikinta zai ƙare, tunda da harshe take wanka. Wanda ya shafa mata kananzir ko baƙin mai ko fiya-fiya don ya kashe ƙuma, tamkar ya ɗura mata ne. Hatta maganin ƙumar da aka yi domin kare, da yawansa yana ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Dettol da Izal ma ba abokan tafiyarta ba ne. In an goge ɗaki da su a bari ya bushe kafin ta shiga, kuma kada a wanke mata rauni da su. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri kaɗan ya wadatar kafin a kai ta asibiti.

Sai maganin ɓera. Da rani, lokacin da ake ta gargaɗi a rediyo kan zazzaɓin Lassa, gidaje da yawa suna zuba shi, kuma da me ake kwaɓa shi? Da busasshen kifi, abin da mage ba ta iya wucewa ta bari. Ko ba ta ci kai tsaye ba, tana iya cin ɓeran da ya ci. Wani nau'in yana kashewa cikin sa'o'i. Wani kuwa hana jini daskarewa yake yi, ba a ganin komai sai bayan kwana uku zuwa biyar, sannan ta fara kasala, dasashi ya yi fari, jini ya ɓalle ta hanci ko ta bayan gida. Wannan na biyun yana da makari, bitamin K1, in an hanzarta. Manjan da aka saba ɗura wa dabbar da ta ci guba ba ya karya wannan dafin, kuma garin ɗure yana iya sarƙe ta ya gangara huhu. Abin yi shi ne a ɗauki magen da ledar maganin a nufi asibiti, domin sunan da ke jikin ledar shi zai gaya wa likita abin da zai yi. Kuma ba laifi ba ne ku roƙi maƙwabta su sanar da ku ranar da za su zuba, ku tsare taku a ɗaki.

Tuwo ba cimarta ba ne

Akwai masu cewa kada a ƙosar da mage, wai in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Wannan magana ba ta da tushe. Farauta a jininta take, ƙosasshiyar mage ma tana yi, har ta fi mai jin yunwa kuzari. Kuma a Islamiyya duk mun ji labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Amma ciyarwar ma sai da sani. Kare yana iya rayuwa da tuwo da ɗan romo. Mage maciyar nama ce zalla. Jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna taurin wanda a nama da kifi ake samun sa, kuma rashinsa na tsawon lokaci yana kawo makanta da ciwon zuciya. Ragowar shinkafa da miya ba ta da shi yadda ya kamata, ga kuma albasa da tafarnuwa da ke cikin miyar, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininta sannu a hankali. Ba sai an sayi abincin gwangwani mai tsada ba. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ƙundu da zuciyar kaza, dafaffen ƙwai, ɗan abin da mahauci ya rage, duk suna yi, in dai ba yaji ba albasa. Hanta a riƙa ba ta jefi-jefi, kullum ta yi yawa. Madara kuwa, duk da hotunan da muke gani a littattafai, yawancin manyan maguna ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, zawo take sa su.

Ruwa shi ne abin da aka fi mantawa. Kakannin mage a busassun wurare suka rayu, daga jikin abin da suka farauto suke samun ruwa, don haka ba ta cika jin ƙishirwa ba. A zafin Maris da Afrilu, musamman ga wadda ake ba busasshen abincin leda, wannan yana taimakawa wajen kawo ciwon mafitsara. A ajiye mata ruwa mai tsabta a wuri biyu ko uku, nesa kaɗan da kwanon abinci, a canza kullum.

Masu muzuru su buɗe kunne a nan. Hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa. Za ku ga yana yawan tsugunawa yana nishi, ba abin da ke fita sai ɗigo, wani lokaci da jini, yana ta lasar gabansa. Mutane kan ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, su ce a jira gobe. Muzurun da fitsarinsa ya toshe gaba ɗaya yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku.

Mura, ƙuma da tsutsa

Murar mage tana zuwa da atishawa, majina da kwantsa mai manne ido, ƙurar hunturu kuma tana ƙara tsananta ta. Ba ta kama mutum. Haɗarinta shi ne, mage da hanci take cin abinci, in ba ta ji ƙamshi ba ba za ta ci ba. A riƙa goge mata ido da hanci da auduga da ruwan ɗumi, a ɗan ɗumama kifi don ƙamshinsa ya tashi. In ta daina ci, ko idon jaririya ya rufe da ruɓa, sai likita, don ana rasa ido a haka.

Wadda ta fi ta muni ita ce cutar da likitoci ke kira fanlukofeniya. Amai, zawo mai wari, sai a ga 'ya'yan mage suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki kaɗan, a ce ai baki ne ya kama su. Ƙwayar bairos ce, kuma tana iya shekara guda a raye a daɓen ɗaki. Ruwan bilic ne ke kashe ta. Gidan da aka yi irin wannan rashi, kada a yi gaggawar kawo sabuwar jaririyar da ba a yi wa rigakafi ba.

Ƙuma kuwa ga gwajin da za ku iya yi yau: ku tsayar da magen a kan farar takarda mai danshi ku taje gashinta. In baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, wato jinin magenku. Ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma mafi yawan zuriyarta ba a jikin magen take ba, tana cikin tsumma da tabarma da kafet. Don haka magani a jiki kaɗai ba ya isa, sai an wanke makwancinta da ruwan zafi an shanya a rana. Ƙumar ce kuma ke kawo wata tsutsar ciki idan magen ta haɗiye ta garin lasa, ɓera ya kawo wata. Alamarta abu ne kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Magen da ke farauta tana buƙatar maganin tsutsa aƙalla duk wata uku, gwargwadon nauyinta, ba ragowar na awaki ba.

Abin da ke tsallakowa zuwa gare mu

An daɗe ana cewa gashin mage yana sa tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ce da ke yaɗuwa galibi daga mutum zuwa mutum ta tari. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce, wasu mutane jikinsu ba ya shiri da wani sinadari da ke cikin yawun mage, wanda ke manne wa gashi, sai ya tayar musu da atishawa ko asma. Mai asma ya hana ta shiga ɗakin kwanansa.

Makero yana tsallakowa. In kun ga gashi ya zube a kunne ko fuskar mage ya bar da'ira, sannan ƙaninku ya fito da irin ta a hannu, a yi wa su biyun magani lokaci guda. Akwai kuma toksofilasma, wadda ke fita a kashin mage kuma take iya cutar da ɗan tayi. Ba dalilin korar mage ba ne don Anti tana da ciki. Ƙwan cutar sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ya iya kama mutum, saboda haka a kwashe kashin kullum, wani ya kwashe ba mai cikin ba, a wanke hannu da sabulu. Naman da bai dahu sosai ba shi ma hanya ce ta kamuwa da ita. A rufe tulin yashin da yara ke wasa a kai, don a wurin mage masai ne.

Babbar cikinsu ita ce haukan kare. Sunan ne ke yaudararmu, domin duk dabba mai shayarwa tana iya kamuwa, har da mage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Sa'o'inku ke nan da ƙannenku. Kusan duka daga cizon kare ne, gaskiya, amma magen da ke kwana a waje tana gamuwa da karnukan unguwa, sannan ta dawo ta hau katifarku. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kafin su bayyana kuwa, ana iya tare ta gaba ɗaya.

Don haka in mage ta cije ku ko ta yaƙushe ku har fata ta fashe, musamman baƙuwa, ko ta gida da halinta ya canza, tana dalalar da yawu ko tana kai hari ba dalili, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur. Ku duba agogo, minti 15 ya fi yadda kuke zato tsawo. Sannan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin bai kai a kalla ba. Yara da yawa suna ɓoye cizo don tsoron faɗa, cutar kuma tana iya yin wata biyu ko uku a ɓoye, lokacin kowa ya manta. Ku faɗa wa ƙannenku cewa ba wanda zai doke su in sun faɗi. Wannan rigakafin da ake yi bayan cizo ya samo asali ne daga Faransa, inda a 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a irin wannan lokaci akan samu wuraren da ake yi wa dabbobi allurar kyauta.

Zuwa wurin likita

Allurar haukan kare ana yi wa mage ita daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk shekara. Akwai kuma allura guda mai haɗe da kariya daga fanlukofeniya da manyan ƙwayoyin mura biyu, wadda ake farawa tun tana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ta kai kimanin mako 16. A bar likita ya zaɓi allurar, don ba kowace aka yi domin kare ce ta dace da mage ba. Asibitin dabbobi ba na shanu da dawaki kaɗai ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, jihohi kuma suna da nasu na gwamnati. A Vom ta Jihar Filato akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda tun 1924 take aiki, tana kuma sarrafa alluran rigakafi.

Ku tambayi likitan batun tsayar da haihuwa. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ku yi lissafin da kanku, za ku gane daga ina 'yan jariran nan da ake zubarwa a kwali a bakin bola suke fitowa. Fiɗiye muzuru yana rage masa yawon dare da faɗa da fitsarin nan mai ƙarni da yake fesawa a bango. Masu sayen maguna 'yan Fasha masu dogon gashi, waɗanda ake yayi yanzu a Instagram da TikTok, su kuma su san sun ɗauko aiki: taza kullum, goge ido, da wuri mai sanyi, domin gajeren hancinsu ba ya jure zafinmu.

Ranar tafiya kada a rungume ta a hannu a hau babur ko Keke Napep. Ƙarar hanya za ta firgita ta, ta yaƙushi mai riƙon ta dire, ba kuma za a sake ganin ta ba. Kada kuma a ɗaure ta a buhu. A sami kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi, a huda masa ƙofofin iska, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai. Likita zai tambaya yaushe ta ci abinci na ƙarshe, yaushe ta yi fitsari, sau nawa ta yi amai, ko an zuba wani magani a gidan. Ku rubuta amsoshin a takarda tun daga gida, kuma wanda ya fi zama da ita a cikinku shi ya kamata ya bi Baba ko Yaya zuwa asibitin.